Kamun Amaryar Ɗakin Sama

Rana na shirin faɗuwa motar su Hajiya Mero ta bar kwalta, ta kutsa cikin gonar dabino a bayan Dubai. Gidan bikin na can ƙarshe. Tsohon gidan hutun wani attajirin lu'ulu'u ne, yanzu ana ba masu biki haya.

Yau ne kamun Mahfuza, amaryar Salmanu. Mero gwaggonsa ce, ita ta goya shi tun ranar da aka binne uwarsa. Duk unguwarsu ta Karama an san guɗarta; in ta rangaɗa, har Indiyawan bene sai sun leƙo. Tun da aka sa rana ko ruwan sanyi ba ta sha, tana tattalin maƙogwaro.

"Guɗar ɗana ce," in ji ta. "Tun yana rarrafe nake ajiye masa ita."

A bakin ƙofa Dickson, ɗan Kafanchan mai haɗa fitilun gidan, ya rusuna.

"Mama, ko'ina ku shiga, amma ban da ɗakin sama. Ko mu ba ma hawa."

"Ban da ɗakin sama," ta maimaita da muryarsa sak, har da karkata wuya. Mata suka kwashe da dariya. "Ƙawayen amarya sun saye ka, ɗan nan. To, yanzu na san inda suka ɓoye ta. Yalla, mu je!"

Aka kira magariba, mata suka nufi alwala. Mero ta ɗauki kwalbar turaren kamu ta hau ita kaɗai, don ta riga kowa.

Matakalar ƙunci gare ta. Hayaniyar tsakar gida ta yi ta ja baya, har ta ɗauke. Sai warin gishiri da tsohon turaren wuta. Sai ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, alhali teku na da nisa da nan.

Ƙofar a buɗe take. Ga amarya a bakin gado, lulluɓe da koren mayafi, kai a sunkuye.

"Na kama ki, ja'ira!"

Ta feshe ta da turare. Ta kama hanci, ta rangaɗa guɗar nan da ta daɗe tana ajiya.

Ta rufe baki. Guɗar ba ta tsaya ba.

Guɗar ta zaga ɗakin, ta shige ƙarƙashin mayafin, ta yi shiru.

Sai lokacin Mero ta ga hannuwan. Lallen ya koɗe. Yatsun sun yamutse, kamar sun kwana cikin ruwa.

"Kin zo ɗaukata?"

Da Hausa. Da muryar Mero.

"Sun ce in zauna, kar in buɗe fuska sai jirgin su angona ya dawo daga nutson lu'ulu'u. Duk amaryar da aka kawo gidan nan ina jin ta. Ni ba wanda ya taɓa hawowa."

Mero ta ja a'uziyya. Leɓe na motsi, ba sauti.

Hannun ya kama bakin gyalenta. Sanyi ƙalau.

"Yaya, ya dawo?"

Ƙwalla ta cika wa Mero ido. Ta kasa yi mata ƙarya. Ta girgiza kai.

Mayafin ya fara ɗagawa.

Mero ta sakar mata gyalen. Ta gangaro matakala da gwiwa, Dickson ya tare ta a ƙasa, jikinta sharkaf da ruwan gishiri.

Ashe Mahfuza na kicin tun ɗazu, tana cin dabino da ƙawayenta.

Magana ta dawo wa Mero washegari, a dishe. Ranar kai amarya, a tsakar gidan nan, Salmanu ya waigo yana murmushi.

"Gwaggo, ke muke jira."

Ta kama hanci. Ta buɗe baki. Iska kawai.

Sai guɗa ta sauko daga sama, doguwa, tata sak. Mata suka ɗau shewa: "Hajiya Mero, ba dama!"

Salmanu kaɗai ke kallon bakinta. Shi da ita ne suka ji cewa ƙarshen guɗar kuka ne.