Motar da Ba Ta Sallama

A ƙarshen Nuwamba rana ta riga ta yi ban kwana da gaɓar tekun Lyngen, can ƙurewar arewacin duniya, inda take ɓacewa makonni a hunturu. Wani shuɗin haske ne yake zuwa da hantsi, ya ɗan zauna a kan tsaunuka, kafin azahar ya fara naɗe tabarmarsa. A irin wannan magariba Solfrid take tsaye a kicin tana feraye dankali, idonta a kan hanyar tsakuwar da ta gangaro daga titi zuwa gidansu. Ta ga fitilun sabuwar motar sun shawo kwana. Ba ta ji komai ba, don babu abin ji. Motar lantarki ce, tafe take kamar inuwa.

'Yarta Tuva ce a sitiyari, tana koyon tuƙi, ubanta Hilmar yana gefenta. Daidai babban dutsen da hanyar ta kewaye tun zamanin kakanni, fitilun suka yi ɗan tsalle, suka tsaya. Hilmar ya fito ya haska ƙarƙashin motar da wayarsa. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya koma ciki suka ƙaraso.

"Me kuka taka?" in ji Solfrid da suka shigo.

"Ƙanƙara," Hilmar ya ce yana kakkaɓe takalmi.

"Ba ƙanƙara ba ce, Mama." Tuva ba ta cire rigar sanyinta ba. "Taushi gare shi. Kuma ya yi ƙara."

"Ba jini, ba gashi, ba komai. Na duba. Zo ki ci abinci."

Kaka Borghild, mahaifiyar Hilmar, ta ajiye saƙarta a cinya. "Kun yi gyaran murya a gun dutsen?"

"Inna, don Allah."

"Tambaya na yi."

Hilmar ya wuce ya rataye rigarsa.

Duk wanda ya tashi a wannan gaɓar ya tarar ana yi wa mutanen ɓoye ladabi. Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an ce su kauce. Ba a wuce dutsen nan da magariba sai da tari ko fito, don lokacin ne 'ya'yansu suke fitowa wasa. 'Yan zamani sun daina, kuma ba abin da ya same su, domin inji ya karɓe musu aikin. Tsohuwar motar dizal ɗin Hilmar tun daga titi take shelar zuwanta, tana tari tana kaɗa ƙarafa. Shekara da shekaru tana yi wa mutanen ɓoye sallama a madadinsu ba su sani ba.

Hilmar ya ƙare bazara guda yana zaɓen wadda za ta gaje ta. Injiniya ne a jirgin fito, mutumin da yake gane ciwon inji daga sautinsa, kuma ya ƙoshi da ƙara. Ya karanta duk abin da aka rubuta a kan yadda batir yake yi a cikin sanyi. Ya san wadda za ta kai su birnin Tromsø ta dawo ba a tsaya caji ba, wadda bayanta zai ɗauki kare da kayan hutu, Kaka kuma ta miƙe ƙafa. Da ta iso, da hannunsa ya kafa akwatin caji a bangon gareji. Abu ɗaya ya ɓata masa rai: in tana tafiya a hankali takan yi wani siririn amo, wanda doka ta ce a sa saboda masu tafiya a ƙasa. Wata Asabar ya kwanta a ƙarƙashinta ya zare wayar amon. Solfrid ta kai masa kofi ta same shi yana murmushi. Ya ɗan ja motar baya.

"Saurara," ya ce.

"Me zan ji?"

"Yauwa. Abin da na saya ke nan."

Jifan ya fara washegarin ranar da suka taka abin. Da hasken ya soma dushewa sai tsakuwa ta riƙa sauka a kan rufi, ɗai-ɗai, a nutse, kamar mai jifan ba ya sauri. Kare ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Hilmar ya zaga gidan da tocila, dusar ƙanƙara ta kwanta sumul, ko sawun tsuntsu babu. Motar ta kwana a caji ta tashi batir wayam, ga ƙananan duwatsu an jera a kan hancinta, jeri irin na wasan yara. Duk sanda suka zo dutsen sai allon gabanta ya nuna ɗan ƙaramin mutum a tsaye a hanya, ta taka birki da kanta. Makanikai suka duba suka ce lafiyarta ƙalau. Wata yamma Solfrid tana dawowa daga kanti, rediyo a kashe, sai wata murya ta fito daga lasifika: mace tana kiran wani suna, tana jan sa, kira irin na uwar da abincinta ya fara hucewa.

Tuva tana cikin mawaƙan coci, ana shirin Kirsimeti, kuma ita aka ba baitin da murya ɗaya take rerawa. Ta daina zuwa gwaji. Ta daina cin abinci. Wata rana Solfrid ta same ta a gun dutsen ba takalmi, ta kwanta ta manna kunnenta da ƙasa. Da ta ɗago ta, yarinyar ta dube ta da wasu idanu da suka girmi gidan, ta ce da muryar da ta fito daga lasifika, "Ke ma uwa ce. Saurara da kyau, ko za ki ji shi."

Likita ya ce gajiya ce da duhun hunturu, ya rubuta ƙwayoyi. Kaka ta ce a ɗauko Aslak.

"Ba wanda zai kawo mini boka gida," in ji Hilmar.

"Shi ya tsayar maka da jini sanda gatari ya sare ka," Kaka ta ce. "Ta waya ma. Ba ka ce boka ba a ranar."

Solfrid ta yanke shawararta. Da safe ta ɗauki makullin motar ta haye tsauni wurin Aslak.

Aslak tsohon malamin makaranta ne, yana karatu a kan marasa lafiya da harsuna uku, ba ya karɓar komai, kuma ba a yi masa godiya, don godiya tana karya karatun. Ta same shi yana faskare a bayan gida. Sai da motar ta tsaya dab da shi ya waiwaya, ya ja da baya da gatari a hannu.

"Ke, wannan mota ce ko ɓarawo?"

A hanya suka tsaya caji a wani gidan mai. Ya zauna yana kurɓar kofi yana kallon igiyar da aka soka wa motar, ita kuma tana ba shi labari. Bai katse ta ba sai a ƙarshe.

"Haka aka sayar muku da ita, bebiya?"

Solfrid ta dubi kofinta. "A'a."

"Wa?"

"Mijina."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya shanye kofinsa, suka kama hanya.

Shuɗin hasken yana mutuwa sanda suka shiga. Aslak ya sa aka zaunar da Tuva a kujera a tsakiyar falo, ya ajiye wuƙarsa ta ƙarfe a bakin ƙofa, ya ce kowa ya zauna, har Hilmar, wanda ya tsaya jikin bango ya harɗe hannu. Ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Tsakuwa ta yi ta sauka a rufi, da ƙarfi, da ƙarfi, sannan ta ɗauke gaba ɗaya. A waje fitilun motar suka kunna kansu, suka hasko labule. Kan yarinyar ya ɗago a hankali, muryar matar nan ta fito daga bakinta.

"Aslak. Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi dutsen. Ɗana yana wasa a inda yayyensa suka yi wasa. Na koya masa: in ka ji ƙarfe yana tari, ka kauce. Yana da kunne, yana da biyayya. Aka zo masa ba tari, ba fito, ba sallama. Baya ya ba su, bai gan su ba."

"An yi miki laifi. Ba wanda ya musa."

"To ɗa ya tafi, 'ya za ta zo. Akwai gado a ƙasa da ba kowa a kansa."

Solfrid ta yunƙura, Kaka ta riƙe ta.

"Wannan kam ba za ki samu ba," in ji Aslak, "kin kuma san ina da abin da zan hana ki. A janye hanyar daga dutsen. A binne miki azurfa. A ƙone motar a gabanki."

Bakin Tuva ya yi dariya, idanun ba su yi ba. "Toka za ta kira ni Mama?"

Ya koma karatu. Ya daɗe yana yi, gumi yana tsattsafo masa a ɗakin da numfashi yake hayaƙi, jikin yarinyar yana lanƙwashewa kamar ana murɗa shi. Can muryar ta ce, "Ya isa, tsoho. Na bar rai. Kunne zan ɗauka. Abin da ɗana ya dogara da shi aka ci amanarsa, shi za a biya."

"Na wa?"

"Hannu biyu suka kashe shi. Wanda ya riƙe sitiyari, da wanda ya yanke wa motar harshe. Na farko yana hannuna. Na biyu in yana ɗakin nan, ya buɗe baki ya ce ni ne, in saki wannan in ɗauki nasa."

Solfrid ta juya ta dubi mijinta.

"Hilmar."

Bai dube ta ba.

"Shi ne!" ta ce. "Shi ya zare wayar, ina wurin!"

Muryar ta ce, "Ban tambaye ki ba. Da bakinsa."

"To ɗauki nawa. Ga su, duka biyun."

"In yi me da su? Ke kofi kawai kika kai."

"Ɗan Borghild," in ji Aslak, muryarsa ta dushe, "karatuna ya ƙare a nan. Kalma biyu ce."

"Wannan hauka ne," Hilmar ya ce. "Yarinya ba ta da lafiya, kun zauna kuna wasan kwaikwayo. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Asibiti za mu koma."

"In ba ka yarda ba, ɗana," Kaka ta ce a hankali, "ai faɗin ba zai rage ka da komai ba."

A nan ne Solfrid ta ga abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Hannayen Hilmar sun warware daga ƙirjinsa, sun hau a hankali, shi da kansa bai sani ba, har tafukansa suka rufe kunnuwansa. Ya tsaya a haka, leɓunansa a manne.

Muryar ta jira. Ta ba shi lokaci mai yawa, fiye da yadda Solfrid za ta so, don kada wata rana a ce an yi masa gaggawa.

"Na ji amsarsa," ta ce. "Irin ta motarsa ce."

Ƙofar ta buɗe da kanta, sanyi ya ratsa ɗakin ya fita. A waje fitilun suka mutu. Tuva ta sulale, uwarta ta tare ta, tana kiran sunanta, tana kira. Yarinyar ta buɗe idanunta, nata na gaske, ta kalli bakin uwar da mamaki.

"Mama," ta ce da ƙarfi fiye da kima, "me ya sa kike motsa baki?"

Aslak ya ɗauki wuƙarsa. Ya ce kada a mai da shi a motar, bas zai hau. Ba a yi masa godiya ba, kuma wannan karon ba wanda ya sha wahalar riƙe ta.

Daga daren nan jifan ya ɗauke. Washegari Hilmar ya kwanta a ƙarƙashin motar ya mayar da wayar. Ba su sayar da ita ba, don ana bukatarta: likitocin kunne suna Tromsø, kuma kamar yadda ya faɗa tun farko, tana kai su ta dawo ba a tsaya caji ba. Wata yarinya ce ta yi baitin Kirsimeti. Tuva ba ta tuna komai na falon ba, tsallen tayar kawai take tunawa. Wata rana a tebur ta kama hannun ubanta ta ce, da wannan muryar tata da ta daina sanin girmanta, "Baba, ka yafe mini. Ni na jawo mana." Ya shafa kanta. Solfrid ta tashi ta kwashe kwanuka.

A tsakiyar Janairu, ana gab da ganin rana, tana tsaye a tagar kicin da dankali a hannu. Bas ɗin makaranta ya sauke Tuva a titi. Yarinyar ta gangaro a tsakiyar hanyar, jaka a baya, kanta a sunkuye, ƙanƙara tana sheƙi a ƙarƙashin ƙafarta. Sai fitilu suka shawo kwana a bayanta. Motar tana ta siririn amonta. Hilmar ya danna hon, ya sake dannawa, ya kwanta a kansa har tsauni ya amsa. Tuva ba ta waiwaya ba. Ya bi ta a baya taku-taku, ƙafarsa a kan birki, a gangaren da kowa ya san santsinsa, haka zai yi gobe, haka zai yi jibi.

Suna isa dutsen, tsakuwa guda ta faɗo a kan rufin gidan, a hankali, kamar uwar nan ta ƙarƙashin ƙasa ta gyara zama don ta ga da kyau. Wuƙar Solfrid ta tsaya a cikin dankalin.