Esin Motar Hajiya Safara'u

Sai da mota ta tsaya a ƙofar gidan biki a Rogo sannan Hajiya Safara'u ta buɗe akwatin sarƙarta ta gwal, ta tarar babu komai a ciki. Gadon mahaifiyarta ce, ta ɗauko ta daga Karaye don ta saka wa amarya.

Mutum uku ne suka biyo ta: direbanta Shitu, da ƙanwarta Turai, da ɗan yayanta Khalifa wanda ya zauna a gaba. A ofishin 'yan sanda an caje su, an ɗaga kujerun mota, ba a ga komai ba. Hajiya ta ce ita dai Shitu take zargi, don shi kaɗai ne bare.

Sufeto Sabi'u ya kasa zama. Yana kai da komo yana share gumi, dangi kuma sun cika ƙofa suna cewa a kulle direba.

Ya fara da Turai. "Kun tsaya a hanya?"

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe, don sallar azahar. Ni da Yaya muka shiga wani gida, jakar da akwatin yake ciki tana mota."

Hajiya ta tabbatar ba su rabu ba, ya sallami Turai.

Khalifa ya shigo cikin shadda mai sheƙi, kansa babu hula. "Na je sayen ruwa, na bar Shitu a mota," in ji shi.

Shitu kuwa ya ce, "Wallahi masallaci na shiga, shi na bari a ciki."

"Bayan nan ka lura da wani abu?"

"Babu, sai esi da ya rage sanyi. Da safe lafiyarsa ƙalau. Na ce mu nuna wa bakanike, Khalifa ya ce gas ne ya ƙare, a bari gobe zai kai ta Kano da kansa."

Sufeto ya tsaya cak. Ya karɓi makulli, ya ce kowa ya fito.

Ya tayar da mota, ya kunna esi, ya buɗe bonet. Kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin esi, yana kamawa daidai. Ya taɓa bututun gas, ya ji shi da sanyi har da raɓa. Ya shiga ciki ya ƙure fanka. Tana ta gurnani, amma iskar da ke fitowa ba ta ko kaɗa gashin hannu.

"Gas bai ƙare ba," ya ce. "Sanyin yana nan, hanya aka toshe masa."

Ya sauke durowar da ke gaban kujerar fasinja, ya cire murfin da ke bayanta, inda matatar iska take. Ya zura yatsu ya jawo hula a cukuikuye. Da ya warware ta, sarƙar ta faɗo tafin hannunsa.

Khalifa ya ce, "Shitu ne ya ɗauke mini hular don ya shafa mini laifi."

"To me ya hana ka cigiyarta? Kuma wanda ya ɓoye kaya a nan ba zai nemi bakanike ya buɗe wurin ba. Kai ne ka hana. Ka ce gas ne ba tare da ka duba ba, don motar ta kwana a hannunka."

Khalifa ya sunkuyar da kai, aka shiga da shi.

Hajiya ta daɗe tana riƙe da sarƙar kafin ta juyo. "Malam Shitu, ka yafe mini."

"Na yafe, Hajiya."

Shitu ya mayar da durowar yadda take, ya kashe mota, ya miƙa mata makulli da hannu biyu.

"Sai dai a nemi wanda zai mayar da ku," ya ce.

Ya tare ɗan acaɓa, ya ce a kai shi tashar Karaye.