Awa Goma Sha Huɗu a Sama

"Kwana biyu, Injiniya! Kwana biyu Umma tana asibiti, ka sani, ka yi min shiru?"

Muna tsaye a layin auna kaya a filin jirgi, mutane sai juyowa suke suna kallonmu. Ko a jikina.

"Auta, sassauta murya... Likita ya ce cikinki bai yi ƙwari ba, doguwar tafiya kuma..."

"Uwata ce fa!"

Ya sunkuyar da kai. Mijina ne, gyaran injin jirgi yake yi, aikin nan ne ya kawo mu wannan uwa duniya.

Kafin mu shiga na kira Yayana.

"Tana numfashi. Ku dai taho," abin da ya ce ke nan.

Sai aka ce kowa ya kashe waya.

Awa goma sha huɗu babu labari! Na kafa wa ɗan allon da ke jikin kujerar gabana ido, hoton jirginmu yana jan ciki a kan teku kamar hawainiya. An kawo abinci na kau da kai. Injiniya ya kama hannuna na fizge.

Can marata ta fara murɗawa. Ya lura. Ya durƙusa a ɗan matsatsin nan ya zare min takalma, yana matsa ƙafafuna da suka kumbura.

"Idan ta tafi ban gan ta ba, ban san da wane ido zan ƙara kallon ka ba," na ce.

"Na ji, abar ƙaunata. Ki dai sha ruwa."

Muna sauka na kunna waya. Babu saƙo ko ɗaya. A bakin ƙofar fita na hango Yaya, idanunsa jawur.

"Yaya...?"

"Mota tana waje. Yi sauri!"

A asibiti muka tarar da Umma tana kwance, robar iska a hancinta, ta rame kamar ba ita ba. Na faɗa jikinta ina kuka. Da ƙyar ta ɗaga hannu ta ɗora a kan cikina.

"Ja'ira... sai da kika taho?"

"Umma, ɓoye min ya yi!"

"Ni na sa shi," ta ce a hankali. "Ranar da aka kwantar da ni na kira shi, na haɗa shi da Allah kada ya faɗa miki. Jikana nake ji wa tsoro."

Na juya. Yana tsaye a bakin ƙofa, jakata rataye a kafaɗarsa, bai ko huta ba tun saukarmu.

"Me ya sa ba ka ce min ita ce ba?"

"Gara ki yi fushi da ni da ki yi da ita a hanya," ya ce.

Kunya ta rufe ni. Umma ta yafito shi da yatsa.

"Shigo, ɗana. Zo ka ɗaga min matarka, ta danne min numfashi."