Itacen da Aka Naɗe da Waya

Ranar da Firdausi ta fara ganin Habibu, abin da ke hannunsa ne ya ɗauke mata ido. Tana zaune bakin teburin Gwaggonta Ramatu a titin 125 na birnin New York, tana jera kwalaben turare, sai ga wani dogon saurayi ya tsaya gyara igiyar takalmi, ya ajiye wani faranti mai zurfi a gefen kayanta. Itace ne sosai a cikin farantin, da kututture da rassa da ganye, amma duk tsawonsa bai kai taƙi biyu ba.

"Malam, wannan itace ne ko abin wasan yara?" Hausar ta suɓuce mata ba ta shirya ba.

Ya ɗago da mamaki. "Ashe 'yar gida ce! Bonsai sunansa, kuma ya girme ki."

"Kai dai ka ji tsoron Allah."

"Shekararsa talatin. Ni Habibu, daga Damagaram. Shagon wani tsoho Bajapane nake wa aiki a titin 28, ni ke kai wa mutane kaya."

"Firdausi, daga Maraɗi," ta ce, sannan ta ji haushin saurin bakinta.

Ikon Allah, tun daga ranar duk saƙon da Habibu zai kai sai ya bi ta titin 125, ko da kuwa can unguwar Brooklyn za shi. Bayan wata biyu ya zo mata da nata itacen, ƙarami, mai ganye kore shar, an naɗe rassansa da siririyar wayar jan ƙarfe.

"Dangin ceɗiya ne," ya ce. "Sati uku ina zaɓe. Ga mai koyo babu kamarsa, yana jure zaman ɗaki."

Ya haɗa mata da takarda, ta karanta ta fi sau ashirin:

"Firdo tawa, ki ajiye shi bakin taga, nesa da hitar ɗumama ɗaki, kada ki riƙa sauya masa wuri. Ki taɓa ƙasar da yatsa, in ta bushe ki ba shi ruwa, in da danshi ki ƙyale shi. Kada ki taɓa wayar, kada ki tona ƙasar, sai na zo da kaina. In kin kalle shi ki tuna da ni. Naki, Habibu."

To, Gwaggo Ramatu ita ta riƙe Firdausi tun tana goye, ita ta kawo ta Amurka, kuma tana da nata ɗan takarar: Mahamudu mai shagon atamfa a titin 116, wanda ta san iyayensa har kakanni. Ranar da ta ga itacen a taga, ta kuma sa aka karanta mata takardar, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Itacen Allah a hana shi girma, a naɗe masa rassa da jan ƙarfe, sannan a ce kada a tona ƙasarsa? Ke Firdausi, ni aka haifa jiya?"

Mahamudu, da ya zo gaisuwa ya tarar da zancen, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. "Gwaggo, ni dai ban ce komai ba. Amma a gida in aka ce kada a tona, ai an san akwai abin da aka binne."

Da farko Firdausi dariya ta yi. Amma Gwaggo ba ta gajiya. Kullum da safe sai ta lissafo mata: tun da abin nan ya shigo gida ta daina amsa gaisuwar Mahamudu, ta ƙona tuwo sau biyu, an kama ta tana yi wa ganye magana. Ta rantse Habibu ba zai ga auren Firdausi ba muddin ba a san abin da ke cikin farantin nan ba.

Sannu a hankali maganar ta sami wurin zama. Firdausi ta tuna layar da aka taɓa tonowa a ƙofar maƙwabtansu a Maraɗi, ita ma naɗe take tam. Ta tambayi kanta me ya sa gabanta ke faɗuwa in ta hango Habibu, alhali samari nawa suka yi ta zarya ba ta ko ɗaga kai ba. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron kada a ce son nan zuba mata shi aka yi. Sau uku yana zuwa teburinta tambayar tana bakinta, sau uku tana haɗiye ta.

Wata Asabar da hantsi ta shimfiɗa jarida a tsakar ɗaki, ta kama kututturen ta ja. Ya ƙi fita. Ta juya farantin, sai ga wata wayar ta ƙarƙashi ta riƙe saiwoyin. Zarginta ya ƙaru. Ta ɗauko almakashi ta datse wayoyin duka, ta kakkaɓe ƙasar kaf, ta wanke saiwoyin a famfo, ta bi ƙasar da yatsa kamar mai tsintar shinkafa. Tsakuwa ta samu, da wata 'yar raga da aka toshe ramin farantin da ita. Iyakar abin da ke ciki ke nan.

Ta mayar da shi yadda ta iya, ta yi ta ɗura masa ruwa safe da yamma don neman gafara. Kwana biyar ganye ya fara rawaya yana zuba. A ranar Habibu ya zo gaida Gwaggo, idonsa ya sauka kan taga.

"Me kika nema a ciki?" ya tambaya a hankali.

Ta kasa kallonsa. "Laya."

"Da kin tambaye ni, Firdausi," ya ce, ya sa takalminsa ya fita.

Sati uku bai bi ta titin 125 ba. Itacen ya zama ƙirare. Firdausi ta rame, ta yi kuka har ta gaji, daga ƙarshe ta naɗe farantin a gyale ta ce ita titin 28 za ta. Gwaggo ta yafa mayafi. "Ƙafata ƙafarki. Yau sai na ga bokan nan da idona."

Suna shiga shagon Gwaggo ta ja birki. Ga kantoci ɗaya bisa ɗaya, itatuwa a kansu sun fi ɗari, kuma kusan kowanne da wayarsa a jiki. Ga tsohon Bajapane yana naɗa wa wani reshe waya a bainar jama'a, ga wata Baturiya tana jira a sa mata nata a kwali.

Habibu ya fito daga ciki, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Habibu, duk waɗannan ma haka ake musu?"

"Duka, Gwaggo. Wayar sama tana nuna wa reshe inda zai bi, in ya saba a cire ta. Ta ƙasa kuma don kada itacen ya faɗo daga farantin."

Gwaggo ta sake bin kantocin da kallo. "To wallahi in asiri ne, an gama da New York." Sannan muryarta ta sauka. "Ɗana, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini."

"Babu komai, Gwaggo."

Firdausi ta buɗe gyalen. Habibu ya kankare ɓawon itacen da farce, ya duba, ya girgiza kai. "Ya mutu."

"Ni na kashe shi, Yaya Habibu. Da hannuna."

"Huɗu na kashe kafin in iya, duk mai koyo haka yake. Itace bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai, kin ɗauka son da kike mini ba daga zuciyarki ya fito ba."

Hawaye suka zubo mata. "Na tone shi har ƙasa ban sami komai ba, na datse duk wayoyin, ga shi ma ya mutu. Amma son yana nan, har ya fi da. Ashe nawa ne."

Habibu ya juya yana gyara wani farantin da ba ya bukatar gyara. Da ya juyo idonsa ya yi ja. "Firdo, kin wahalar da ni."

"Ku dai ku rage murya, ina nan fa," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin mayafi.

Sati biyu bayan babbar Sallah aka shaida aurensu a wani masallaci na titin 116. Mahamudu ya aiko da uzurin tafiya. Da aka zo kai amarya, Gwaggo Ramatu ta kama hannun Firdausi ta damƙa wa Habibu da kanta.

"Shekara ashirin da biyu ina tsaronta daga mutane," ta ce. "Yau na gama tsaro, ga ta nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya raba ku da zargi, Ya sa ku tsufa tare."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.