Furen Tekun da Ya Ƙi Zama

Ran nan da la'asar sakaliya na ɗauki jarka biyu na gangara bakin teku ɗebo ruwa. Raina a ɓace yake. Kwana tara ke nan ina fama da furen teku guda ɗaya.

Tun da na bar gyaran motoci nake kiwon kifin teku a akwatin gilashi, a falonmu nan Taganga, ƙaramin garin masunta. Shekara goma sha ɗaya. Har murjani, wanda halitta ce mai rai a teku, ya rayu a hannuna. Sai Wilfrido, abokina masunci, ya kawo mini wannan abin a bokiti. A ido fure ne, amma dabba ce: fari tas, yatsunsa masu bakin shunayya, da ƙafa ɗaya da yake mannawa a dutse. Irinsu idan suka sami wurin da ya yi musu sai su kafe, shekara da shekaru.

Nawa ya ƙi.

Na gina masa rami tsakanin duwatsu, ya fita. Na rage hasken fitila, na ƙara. Na karkatar da famfon lantarkin da ke juya ruwan akwatin don kada ruwa ya dinga bugunsa. Na auna gishiri har idona ya yi ja. Na ba shi jatan lande, ya tofar. Kullum da asuba sai in tarar ya ja jiki ya manne a gilashi, ɓangaren da ke kallon teku, duk murjanin da ya bi ta kansa ya ƙone da dafinsa. Sai in ɓamɓare shi da bayan cokali in mayar, kafin matata Nohemí ta tashi ta yi mini dariya.

"Tsoho, ka mayar wa Wilfrido kayansa," ta ce da ni ranar, tana shirin zuwa wurin yayarta a birnin Santa Marta. "Ko ni ban ba ka wahala haka ba kafin in zauna a gidan nan."

"Ke da kika yi wata uku kina kuka?"

"To ba shi wata uku, idan sauran kifayen sun kai."

Bayan duwatsun ƙarshen gaɓa nake ɗibar wa akwatin ruwa, inda man jiragen ruwa bai kaiwa. Rana ta kusa faɗuwa. Daga shaguna kiɗan akodiyon na tashi, da ƙamshin soyayyen kifi. Na cika jarka ɗaya. Ina cikin ta biyu, kiɗan ya ɗauke ɗif.

Wata mace na zaune a kan dutse, ta ba ni baya, ƙafafunta cikin ruwa. Ban ga zuwanta ba. Gashinta sharkaf, har ƙugu. Wani wari ya buge ni, irin na ciyawar teku da ta yini a rana.

"Ba zai zauna ba," ta ce, ƙasa-ƙasa.

Garin namu ƙarami ne. Na ɗauka Nohemí ce ta baza labarina a kasuwa.

"Baiwar Allah, zai zauna ko ya ƙi ko ya so."

"Cokalin nan da zafi," ta ce. "Ka daina."

Ko Nohemí ba ta san da cokalin ba.

Na bar jarka ta biyu a nan. Ban waiwaya ba.

Na iso gida na tarar an ɗauke wuta, unguwar duka. Na zagi kamfanin wuta da ƙarfi, don in ji muryar mutum. Famfo ya mutu, kuma idan ya daɗe a mace kifaye shaƙewa suke yi. Na tura ƙofar falo.

Warin nan ya riga ni shiga.

Ya kamata a ce akwatin shiru yake. Amma ina jin ruwa. Shaa. Shiru. Shaa. Kamar igiyar teku na bugun gaɓa.

Na haska fitilar waya.

Ruwan na hawa yana sauka shi kaɗai. Kifayen duk sun dunƙule a kusurwa ɗaya. Furen ya hau har bakin gilashi, rabinsa a waje, ya buɗe kamar faranti. Ban taɓa ganin ya buɗe haka ba.

Gaskiya tsoro ya kama ni, amma haushi ya fi shi ƙarfi. Kwana tara ina lallashi, murjanina ya ƙone, yanzu kuma zai faɗo ƙasa ya mutu mini a kan siminti?

"Koma, ɗan banza!"

Na sa hannu na danna shi cikin ruwa.

Ya kama ni.

Yatsun suka naɗe wuyan hannuna, da zafi kamar an watsa mini ruwan batir. Na fizga. Aka ja.

Zurfin akwatin nan bai wuce gwiwar hannuna ba. Ni na haɗa shi.

Hannun ya wuce gwiwa. Ya kai kafaɗa.

Ban taɓa yashi ba.

Sanyi kawai. Sai wani abu ya shafi tafin hannuna, mai laushi, mai tsawo.

Gashi.

Sannan yatsu biyar suka shiga tsakanin nawa.

Wayar ta faɗi. Fuskata ta shiga ruwa. Na buɗe ido, babu ƙasa, duhu ne yana ta tafiya. Ƙafafuna suka bar siminti.

"Dago!" aka ƙwala kiran sunana.

Wani ya cafki bel ɗina ta baya. Aka ja nan, aka ja can. Ƙirjina na neman fashewa. Sai yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Muka zube ƙasa ni da Nohemí. Ashe ba ta sami yayarta a gida ba, ta juyo. Ina aman ruwan gishiri, tana kiran sunan Budurwa Maryamu tana dukan bayana. A gidan maƙwabta muka kwana.

Da safe na kira Wilfrido. Ya dubi shatin da ke hannuna, ya kawar da kai.

"Ina ka samo furen nan?" na ce.

"Aboki, a jikin tarko na..."

"Wilfrido."

Ya sosa ƙeya. "Bakin kogon nan da tsofaffi suka hana a jefa taru. Na ga yana da kyau ne."

Shi ya kai mu a jirginsa, da rana tsaka, abin na cikin bokiti mai murfi. Na juye shi a bakin kogon. Kafin in miƙe tsaye ya kafa ƙafa a dutse ya zauna daram. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Na rarraba kifayen ga masu so. Hannun ya warke, sai dai ba ya jin ɗumi, ko a bakin murhu.

Sai bayan wata biyu, muna cin shinkafar kwakwa, Nohemí ta ajiye cokalinta.

"Tsoho, akwai abin da ban faɗa maka ba. Da na shigo ranar, wayarka na ƙasa tana haska gilashin. Na ga yashi, na ga duwatsu, na ga kifaye. Kai kuma ka nutse har ƙirji."

"To?"

"Ba ka cikin akwatin, Dago. Ko ɗan yatsanka ban gani ba."