Layin da Bai Fito Ba

Ranar Talata da hantsi aka kawo ƙarar. Wata jaririya 'yar wata huɗu ta rasu a wani ƙauye bayan Wamakko. Likita ya rubuta cewa ruwa ne ya kashe ta. Gubar takin zamani daga gonakin albasa ta tsiyaye cikin rijiyar ƙauyen, da ruwan aka riƙa dama mata madara, har leɓunanta suka yi shuɗi.

An auna ruwan rijiyar wata biyu da suka wuce. Wata ƙungiya mai ofis a Gidan Dahala cikin Sakkwato ce ke auna rijiyoyin yankin, tana aika rahoto ƙaramar hukuma. Rahoton bai ce a rufe ko ɗaya ba.

Shugaban ofishin, Malam Sa'ad, shi ya zo caji ofis da ƙafarsa. Ya ce ma'aikaciyarsa Sadiyatu ce ke haɗa rahoto a kwamfuta, sakacinta ne. Aka kamo ta. Aka miƙa wa Sufeto Jelani takardun, aka ce jibi Alhamis za a kai ta kotu.

Sufeto Jelani ya shekara talatin da huɗu a aiki. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Kaduna, ba su cika kira ba. Abokan da suka shiga aiki tare duk sun tafi, wasu gida, wasu kabari. Yaran yanzu suna gaishe shi su wuce. Shi ma bai tsayar da kowa.

Ya sa aka fito da Sadiyatu daga bayan kanta. Tun safe ba wanda ya zo dubiyarta, ba wanda ya kawo mata abinci. Ya tura mata ledar ƙosan da ya saya wa kansa.

"Ci. Sannan ki gaya min yadda akwatin nan naku ke yanke wa rijiya hukunci. Da Hausa. Ni aji huɗu na tsaya."

Ta ci ɗaya, ta goge hannu.

"Yallaɓai, jadawali ne. Kowace rijiya da sunanta da awon gubar da anka samu cikinta. Ni na rubuta wa kwamfuta umarni. Na ce ta je ta dubi wata lamba, ita ce iyaka. In akwai rijiyar da ta wuce iyaka, ta ƙara layin tsaye guda a ƙarshen jadawali, ta rubuta A RUFE gaban sunanta. In ba wadda ta wuce, kada ta yi layin sam."

"Lambar tana cikin jadawalin?"

"A'a."

"Tana cikin umarnin?"

"A'a. Waje take, cikin wani ɗan fayil daban. Na ajiye ta can don in hukuma ta sauya iyaka, a gyara lamba guda, ba sai an taɓa umarnin ba."

"Nawa ce?"

"Hamsin."

Ya buɗe rahoton da Malam Sa'ad ya kawo. Ya bi da yatsa har ya sami rijiyar ƙauyen jaririyar. Sittin da takwas. Jadawalin ya ƙare a kan awo, babu layin tsaye bayansa.

"Ko a aji huɗu, sittin da takwas ta fi hamsin," in ji shi. "Ina layin?"

"Wallahi ban sani ba. An duba umarnin, ba a taɓa shi ba. Jadawalin ma daidai yake. Lambar kuma hamsin ce har yau."

"Wa ya buga rahoton?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni."

"Wa ya san lambar sirrin kwamfutarki?"

"Ni kaɗai."

Ya dube ta. Ya ga masu ƙarya da yawa. Wannan ba ta iya ba.

Bayan azahar ya hau babur ɗinsa ya tafi Gidan Dahala. Malam Sa'ad ya tarbe shi da ruwan sanyi. Dattijo ne fari, ɗan gidan malamai na Ƙofar Atiku, tasbaha a hannu.

"Sufeto, abin ya girgiza ni. Yarinyar ɗiyar aminina ce. Ubanta na kan gadon mutuwa ya bar min amanarta, ni na ɗauke ta aiki. Amma rai ya wuce wasa."

"Kai kana taɓa kwamfuta, Malam?"

Ya yi dariya. "Ni? Ko wayata jikokina ke buɗe min. Sa hannu kaɗai na iya."

"Rahoton shafi nawa ne?"

"Abin da na ba ku ke nan."

Sufeto ya duba ƙasan takardun. An rubuta shafi na ɗaya cikin huɗu, na biyu, na uku. Na huɗu babu. Ya shanye ruwan ya fita.

A bakin ƙofa ya tarar da maigadi, tsoho irinsa, yana gyaran rediyo. Ya nemi littafin shiga da fita. Ranar da ke rubuce a saman rahoton, tara ga wata, babu sunan Sadiyatu.

"Ai ba ta zo ba," in ji maigadin. "Satin da anka kwantar da uwarta asibiti ke nan. Kwana ukku ba mu gan ta ba."

"To wa ya zauna ofishinta?"

"Ranka shi daɗe, ni ƙofa nika tsaro, ba kujera ba."

Washegari da safe ya tafi Wamakko. Akawun da ke ajiye takardu ya ɓata masa awa biyu kafin ya zaro nasu kwafin daga ƙarƙashin tarin fayil. Shafi huɗu ne cif. Na ƙarshen kusan fari ne, sai ɗan rubutu ƙanana a ƙasa: ranar bugawa, da iyakar da aka yi aiki da ita.

Tamanin da huɗu.

Ya zauna a benci a ƙarƙashin dogonyaro, shi kaɗai, takardar a gwiwarsa. Wani ya shiga ɗan fayil ɗin nan na waje, ya ɗaga lambar, ya buga rahoto, ya mayar da ita hamsin. Wannan ya gane. Abin da ya tsaya masa shi ne lambar kanta. Mai sakaci zai rubuta ɗari, ko ɗari biyar. Wanda ya rubuta tamanin da huɗu ya duba wani abu kafin ya rubuta.

Ya koma jadawalin, ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da bakwai ne. Biyar sun wuce hamsin. Wadda ta fi kowace tana da tamanin da uku.

Ya tambayi hanyar ƙauyen da take, ya tada babur.

Ƙauyen ƙarami ne, gonakin albasa sun kewaye shi. Rijiyar tana bakin masallaci, an ɗaure ta da siminti mai kyau, mata uku na jan ruwa. A jikin simintin an zana rubutu tun yana ɗanye: Sadaka ga marigayiya Hajiya Delu. Allah ya kai lada kabarinta.

Ya yi wa wani tsoho sallama. "Baba, wa ya gina wannan?"

"Ɗanta mana. Nan anka haife ta, kafin a kai ta birni aure. Ko wace Juma'a shina zuwa, shi sha da hannunshi, shi yi addu'a. Malam Sa'adu. Ba a samun ɗa irin wanga yanzu."

Sufeto ya sa aka kira mai gari. Ya ce daga yanzu kada a ba jariri ruwan nan. Ya buga waya Wamakko ya karanta musu sunayen sauran huɗun. Sannan ya juya Sakkwato.

Ya fara da Sadiyatu. Ya ajiye shafi na huɗu a gabanta.

"Ranar tara ga wata kina asibiti."

Ta kawar da kai daga takardar.

"Wa kika ba lambar sirri?"

"Malam. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba," in ji ta. "Ya ce in tafi in yi jinyar Inna, in nuna mishi inda zai danna. Na nuna mishi komi, har ɗan fayil ɗin. Na ce wannan kada a taɓa shi."

"Da ya kawo ki nan fa? Me ya hana ki faɗa?"

"Na ɗauka ni na yi kuskure a umarnin. Kuma mutum ba shi kai ubanshi ƙara, yallaɓai."

"Shi ya kawo ɗiyarsa," in ji Sufeto.

Da la'asar ya sami Malam Sa'ad a ofis, ma'aikata sun tashi. Bai zauna ba. Ya ajiye takardar a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan lambar.

"Na je na gai da Hajiya Delu."

Tasbahar ta tsaya.

"Tamanin da uku, Malam. Kai kuma ka rubuta tamanin da huɗu. Don wanda jikoki ke buɗe wa waya, lissafin ya yi kyau."

Malam Sa'ad ya daɗe yana kallon takardar. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Ba ta roƙe ni komi ba duk rayuwarta sai rijiyar. Ta ce ko wane guga anka ja, za ta ji sanyinshi. Da na buga rahoton, na ga A RUFE gaban sunanta. Hannuna ya ƙi sa hannu."

"Sai ka ɗaga lambar."

"Na zaci tata kaɗai za ta fita. Da na sake bugawa, layin duk ya ɓace."

"Ka gani ya ɓace."

"Na gani."

"Ka san akwai wasu huɗu."

"Na ce zan bi su da kaina, in gaya musu da baki. Na ce bayan girbi zan haƙa wata in sa mata sunan. Ko wane sati sai in ce sati mai zuwa. In na je, za su tambaye ni mi ya sa takarda ba ta faɗa ba."

"Shafi na huɗu?"

"Na yage shi kafin in zo wurinku."

"Sadiyatu fa?"

Malam Sa'ad ya cire hularsa, ya sake mayarwa.

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya kira mota, suka tsaya a bakin ƙofa suna jira. Maigadi ya kashe rediyonsa. Da motar ta zo, Malam Sa'ad ya shiga baya da kansa.

Kafin magariba aka sallami Sadiyatu. Ta sa hannu a littafi, aka ba ta jakarta da wayarta. A gaban kantar 'yan sanda suka yi kiciɓis da Malam Sa'ad, ana cire masa agogo da tasbaha. Ƙafarta ta saba, har ta fara durƙusawa za ta gaishe shi. Sai ta tsaya a tsakiya, ta miƙe.

"Sadiya," in ji shi.

Ta wuce.

A bakin titi ta tsaya, ba wanda ya zo ɗaukarta. Sufeto Jelani ya tare mata mai keke.

"Gida, ko asibiti?"

"Ofis," in ji ta. "Rahoton gaskiya ba a buga shi ba tukuna."