Tafin Hannu a Ƙofar Akori-Kura

Ku matso kusa. Turai, rage fitilar nan, tana shigar mini ido. Ilu, in ka san tsoro zai hana ka fita fitsari, tashi tun yanzu, don ba mai raka ka.

Kun sha tambayata me ya sa ƙofar dama ta motata ba ta da fenti. Kullum in ce muku kuɗi ne suka ƙare. Ƙarya nake yi. Yau zan gaya muku gaskiya.

Shekarar da Baba, wato Kawunku Maikano, ya cika shekara bakwai da rasuwa, na zuba duk abin da na mallaka a noman tumatir, a fadamar Rafin Makera. Har akuyoyin Inna biyu sai da suka shiga ciki. Tumatir ya yi kyau. Sai dai ba nawa kaɗai ya yi ba, na kowa ya yi, kuma ya nuna a mako ɗaya. Direbobi suka ga banza ta faɗi. Kuɗin ɗaukar kwando ya fi kuɗin kwandon a kasuwa. Na tsaya a tsakiyar gona, ko'ina ja wur, hawaye yana zubo mini. Ni da gemuna.

Sai na tuna da akori-kurar Baba. Tun ranar da ya kwanta ciwo aka tura ta gindin tsamiyar bayan gona, ba wanda ya sake taɓa ta. Tayoyi sun nutse a ƙasa. Tsatsa ta cinye bodi, in ka leƙa baya har ƙasa kake hangowa ta ramuka.

Na je wurin sarkin tasha, Alhaji Nadabo. Ya ce, "Sabitu, ko ta tashi, ba ta shiga kasuwar gwari da kaya sai da fentin ƙungiya. Kore, da ratsin fari. Ba ni na kafa dokar ba."

Kasuwa tana ci Alhamis da Lahadi. Ranar nan Lahadi ce. Na ƙudura a raina Alhamis zan kai kayana.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Abin da ya shekara bakwai ba mutum a cikinsa, ba a faɗa masa haka kawai. Ka je ka yi sallama, ka ce masu wuri su nemi wani wurin. Safe da yamma, kwana uku. Sannan ka sa hannu."

Na ce, "Inna, ba ni da kwana uku."

Ta ce, "To, Allah ya tsare."

Na sayar da kekena da wayata. Na samo batir da filogi a wurin 'yan gwangwan, tayoyi biyu na gwanjo, sauran biyun mai faci ya lallaɓa su. Na sayi gwangwani uku na koren fenti, ƙarami ɗaya na fari, tina ta tsinka shi, sanfefa ta kankare tsatsa, da fila ta cike ramuka. Injin feshin fenti kuwa ko tambayar kuɗin hayarsa ban yi ba. Famfon da nake fesa wa tumatir maganin ƙwari na wanke. Abin da ya rage na sayi fetur galan biyu, ɗaya na gwaji, ɗaya na zuwa kasuwa.

Da na buɗe ƙofar motar, na tsaya. Cikinta tsaf. Ba ƙura, ba yanar gizo, ba gidan rina. Ko kashin ƙadangare babu. Na dafa kujera, na ji ta da ɗumi, alhali a inuwa take. Ga wani ƙamshi, irin na tuwon da aka sauke yanzu.

Ya kamata in ja da baya. Ban ja ba. Tumatir nake gani a idona.

Na wuni ina kwance ƙarfe ina ɗaurawa. Dab da magariba inji ya yi tari sau biyu, ya kama. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Ba a jima ba sai na ji lagireto yana tafasa, datti ya toshe shi. Na kashe mota, na shiga ƙarƙashi, na zare robar ƙasa. Ruwan nan mai tafasa ya kwarara, ya bi gangara zuwa saiwar tsamiya.

Kun san Inna, ko ruwan zafin da ta fige kaza ba ta zubarwa sai ta yi bismillah. Ni ban yi ba. Ko tunawa ban yi ba.

Sai na ji kuka. Siriri, gajere. Kamar an toshe bakin mai yinsa.

Na ce wa kaina ɗan akuya ne. Ba akuya a fadamar nan.

Litinin na kankare tsatsa har yatsuna suka yi jini. Na toshe manyan ramuka da guntun langa-langa, na shafe da fila. Talata na fesa gwangwani na farko. Ta yi kyau, wallahi, sai ka ce ba ita ba. Na tafi gida ina lissafin kwanduna nawa za ta ɗauka.

Laraba da safe na tarar fenti bai bushe ba. Yana ɗiga, kamar yanzu aka fesa. Ya tsiyaye ƙasa, tsatsa ta sake leƙowa. Na ce tina ce ta yi yawa. Na goge, na rage tina, na fesa na biyu. Rana kuwa ta buɗe, wadda ko rigar da aka jiƙa ba ta minti goma ba ta bushe ba.

Alhamis da asuba na zo da kwanduna. Fenti yana ɗiga. A jikin ƙofar dama kuma ga tafin hannu. Ɗan ƙarami, kamar na yarinya 'yar shekara huɗu. Na ƙirga yatsun. Na sake ƙirgawa.

Barira, saki hannun Turai, za ki karya ta. Yatsun nan shida ne.

Ina tsaye ina jin motocin mutane suna wucewa kasuwa. Nawa tumatir ya fara laushi. Wanda na taɓa, sai ya fashe a hannuna. Ƙudaje sun fara taruwa. Na san in Lahadi ta wuce, ko kyauta ba mai karɓa. Saura mini gwangwani ɗaya da galan ɗaya. Daren nan na kasa haɗa ido da Inna, saboda akuyoyinta.

Juma'a kowa ya bar fadama ya tafi masallaci. Ni ban je ba, Allah ya yafe mini. Rana ta take tsaka. Ko tsuntsu ba ya kuka. Na juye gwangwani na ƙarshe a famfo, na goya, na fara fesawa.

"Sannu da aiki."

Muryar daga bayana ta fito. Na waiga, ba kowa. Na juyo, ga mutum a gabana. Dogo, siriri, da farar riga. Ya rungume wani abu a ƙirji, naɗe cikin zane.

Na ce, "Yauwa, sannu, Malam. Daga ina?"

"Daga nan."

Bakinsa a gabana yake motsi, muryar tana zuwa ta bayan kunnena. Na sunkuyar da kai. Duk ƙasar wurin ta yi kore da fentin da ya tsiyaye, sawuna ko'ina. Shi ba sawu ko ɗaya. Sai na ga ƙafafunsa. Dugadugan ne suke kallona, yatsun suna baya.

Na so in karanta wani abu. Harshena ya yi nauyi.

Ya ce, "Maikano yakan ƙwanƙwasa sau uku kafin ya buɗe. Tun tana tafiya mukan sha inuwarta. Da ya bar ta, muka shiga."

Na ce, "Ban sani ba."

"An gaya maka."

Abin da ke cikin zanen ya motsa, ya yi ɗan nishi.

Ya ce, "Wasa take yi a saiwa. Kwana biyar ba ta yi barci ba."

Na durƙusa cikin fenti da famfo a bayana. Na ce, "Malam, na yi laifi. Na yi laifi babba. Amma dubi gonar nan. Ita ke nan gare ni, ita ke nan ga mahaifiyata. In Lahadi ta wuce mun mutu a tsaye. Don Allah ku bar fentin nan ya kama."

Ya ce, "Wurin ya lalace mana, wari ya yi yawa. Ka kai mu kukar Dutsen Kurege. Mu goma sha ɗaya ne, da kaya."

Dutsen Kurege daidai nisan kasuwa yake, amma ta wata hanyar. Na dubi galan ɗina. Na ce, "Man ke nan, na Lahadi ne."

"Na gani."

Ni ma na gane ba ciniki muke yi ba. Na juye man a tanki, ina ji kamar jinina nake juyewa.

Ya ce, "Kada ka dubi madubi. Kada ka yi magana."

Na shiga. Ya zauna a gefena da yarinyar. Sai na ji bayan mota yana sauka. Kaɗan-kaɗan. Kamar ana hawa ɗaya bayan ɗaya. Na ji ƙarar tukwane, na ji an ja turmi. Wani tsoho ya yi tari. Ƙarfen ƙasa ya yi ta kuka har bodi ya kusa taɓa taya, irin nauyin buhu ashirin. Na sa hannu na karkatar da madubi sama.

Muka kama hanya a giya ta ɗaya. Mun wuce masu dawowa daga masallaci, suna ɗaga mini hannu, suna dariyar mota ba kaya tana nishi. Wani ya ce in rage masa hanya. Ban ko dube shi ba. Yarinyar tana nishi a gefena, kowane rami sai ta yi ƙara. Na riƙa kauce wa ramukan nan kamar ƙwai na ɗauko.

Bayan la'asar muka isa gindin kukar. Na tsaya. Bayan mota ya fara tashi, kaɗan-kaɗan, har ta miƙe. Lagireto kuwa yana tafasa, murfinsa yana rawa saboda hawan dutse.

Mutumin ya sauka, ya tsaya a gaban mota. Ya ce, "Buɗe."

Kowane ɗan koyo ya san ba a buɗe lagireto yana tafasa. Na ce, "Malam, bari ya huce."

"Nata bai huce ba."

Na dube shi. Ba fushi a fuskarsa. Uba ne kawai, riƙe da 'yarsa. Wallahi da fushi na gani da na gudu. Na naɗe hannun rigata na hagu, don dama nake sa giya. A wannan karon na yi bismillah. Na murɗa.

Ba zan gaya muku zafin ba. Na dai tuna ina birgima a ƙasa, na cusa rigata a baki. Sai na ji wata 'yar murya ta ce, "Baba, ya isa."

Da na buɗe ido ba kowa. Sai bishiyar kuka, sai mota.

Na tashi da hannu ɗaya, na dafa bodi don kar in faɗi. Fenti ya bushe ƙamas. Har inda ban kai ga fesawa ba ya yi kore, yana sheƙi. Ƙofar dama kaɗai ta rage da tsatsarta, da tafin hannun nan a tsakiya, kore shar.

Na tuƙo gida ina jiran mai ya ƙare a kowace kwana. Bai ƙare ba. Inna ta ga hannuna. Ta shafa mini zuma, tana kuka a hankali.

Asabar na ja ratsin fari da burushi, maƙwabta suka taya mu tsinkar tumatir. Kashi ɗaya cikin uku ya riga ya ruɓe. Kwana ukun da na hana Inna, su aka karɓa, daga Alhamis zuwa Lahadi.

Lahadi da sassafe na isa ƙofar kasuwa. Alhaji Nadabo ya zagaya motar. Ya ce, "Fenti ya yi. Amma wannan ƙofar fa? Ɗan wa ya ɓata maka?" Ya sunkuya yana dariya. Na ga leɓensa yana ƙirga yatsu. Dariyar ta tsaya. Ya dubi hannuna da ke naɗe, ya ja da baya.

Ya ce wa mai tsaron ƙofa, "Buɗe masa. Shi zai fara saukewa."

Na shiga. Daidai bakin rumfar dillali inji ya mutu. Na leƙa tanki da sanda, a bushe yake. Abin da na sayar ranar ya mayar wa Inna akuya ɗaya, ya ba mu kuɗin iri. Ɗayar sai shekarar da ta biyo.

Sau huɗu na gwada yi wa ƙofar nan fenti, ba ya kwana. Na haƙura.

Turai, ƙaro fitilar. Ga hannun, ku duba da kyau, daga wuyan hannu har gwiwa. Da ma kun san lagireto ne, yau kun san dalili. Don haka in kun ga kango, ko tsohuwar rumfa, ko motar da ta daɗe a ajiye, ku yi sallama, ku ba da kwana uku. Kada wanda ya bi hanyar Dutsen Kurege shi kaɗai da rana tsaka. Kai kuma Ilu, na san kana shiga motata ka yi wasa da sitiyari in na fita. Ban hana ka ba. Amma ka riƙa ƙwanƙwasawa sau uku, don wani lokacin da safe nakan tarar da kujerar dama da ɗumi.